Iska Ta Tafi Da Takardu, Hukuma Ta Ce A Kawo Takarda

Ranar 27 ga watan Afrilu na shekarar 2011, wata mahaukaciyar guguwa ta bi ta kan wani ɗan ƙaramin gari mai suna Phil Campbell a jahar Alabama ta ƙasar Amurka, ta murƙushe shi kamar an tattake akurkin kaji. A wannan yini kaɗai irin wannan guguwa ta hallaka sama da mutum 300 a jahohin kudancin ƙasar. Da ƙura ta lafa, sai ga wani hoto da ya tashi daga Phil Campbell an tsince shi a Lenoir City ta jahar Tenesi, nisan kilomita 353. Duk wanda ya taɓa tafiya daga Damagaram zuwa Maraɗi, ya ƙara kilomita 100 da ɗoriya a kai, zai gane nisan da ake magana. Masu bincike na Jami'ar Jojiya ne suka auna shi, bayan sun bi diddigin abubuwan da mutane suka riƙa tsinta a gonaki da harabar gidajensu suna ɗorawa a wani shafin Facebook da aka buɗe domin cigiya: hotunan aure da na jarirai, takardun banki, rasiɗai, wasiƙu, duk irin abin da mutum ke adanawa a ƙasan akwati.

To, mai karatu ya riƙe wannan a ransa. Domin mutumin da iska ta yi wa wannan aika-aika, idan ya rarrafo daga ƙarƙashin ɓaraguzai, ya binne waɗanda zai binne, ya doshi hukuma neman agaji, abin da za a fara tambayarsa shi ne takarda. Wadda ke nuna shi ne shi, da wadda ke nuna a gidan yake kwana, da uwa uba wadda ke nuna gidan nasa ne. A kan wannan nake son mu yi magana yau, kuma ba zan ɓoye matsayina ba: duk tsarin agajin da ya ɗauki mai neman taimako a matsayin maƙaryaci har sai ya wanke kansa a rubuce, tsarin zalunci ne, ko da an ƙawata shi da kwamfuta da lambar waya ta kyauta.

Na san abin da wasu za su ce, domin muna ganinsa a ƙarƙashin kowane bidiyon bala'i da aka ɗauko daga can: "Ai Amurka ce, kafin wata ya ƙare gwamnati ta gina musu wanda ya fi na da." Wannan tatsuniya ce da muke faɗa wa juna domin mu ji daɗin zagin namu shugabannin, kuma ba ta da ƙafar tsayawa. Amurka na ganin wannan guguwa, wadda suke kira tonado, kimanin sau 1,200 a shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Kada a kwatanta ta da guguwar bazara da muka sani, wadda ke murɗawa ta ɗebi ƙura da ledoji yara su watse ana cewa aljanu ne ke wucewa. Wannan daga cikin hadari take saukowa kamar hannun giwa, kuma mafi ƙarfinta iskarta kan zarce kilomita 320 a sa'a. Tana tumɓuke gida daga harsashinsa, ta nannaɗe mota a jikin itace. Ƙasar da ke shan wannan kowace shekara ta samu isasshen lokacin koyon yadda ake tayar da wanda ya faɗi. Idan har tana tayar da wasu tana tsallake wasu, to ba ƙarancin darasi ya jawo ba.

Ga yadda hanyar take. Akwai hukumar tarayya mai kula da agajin gaggawa, FEMA, wadda shugaba Jimmy Carter ya kafa a 1979, take kuma aiki ƙarƙashin wata doka ta 1988 da ake kira dokar Stafford. Ba ta buɗe lalitarta don kawai gari ya rushe. Sai an zagaya an ƙiyasta ɓarna, gwamnan jaha ya aika wa shugaban ƙasa roƙo, shugaban ƙasa ya sa hannu ya ayyana babban bala'i, sannan a lissafa gundumomin da za a taimaki mutanensu ɗaya-ɗaya. Wanda gidansa ya faɗa ƙetaren iyakar gundumar da aka ambata, ko da iska ɗaya ce ta rushe su, sai dai haƙuri. Daga ranar sa hannu mutum na da kwana 60 ya yi rajista, ta waya ko ta intanet ko a cibiyar wucin gadi da hukumar ke buɗewa. Mai inshora dole ya fara zuwa wajen kamfaninsa ya karɓo wasiƙar abin da aka biya shi ko aka hana shi, domin doka ta haramta biyan asara ɗaya sau biyu. Sai a aiko mai duba ɓarna, sai a jira wasiƙa. In ta zo da a'a, akwai wasu kwana 60 na ɗaukaka ƙara.

Wanda aka amsa masa ma kada ya yi saurin guɗa. Iyakar abin da hukumar ke bayarwa na gyaran gida a 2024 dala 42,500 ce, kusan sefa miliyan 25. Kuɗi ne mai kauri a kunnenmu, amma a can ba ya gina ko rabin ƙaramin gida, kuma ƙalilan ne ke kai wa ga wannan iyaka. Akasari ƴan dubbai ake ba su. Ita kanta hukumar ba ta ɓoye ba cewa aikinta shi ne ta mayar da gida wurin da za a iya kwana lafiya, mayar da shi yadda yake a da kuwa ba ya cikin alkawarinta. Babban kuɗin rance ne daga hukumar ƙananan sana'o'i, har dala 500,000 ga mai gida, da kuɗin ruwansa, kuma sai ga mai samu tsayayye da tarihin biyan bashi mai tsabta. Wato babbar ƙofa ta mai hali ce, ƙaramar taga ta talaka, tagar ma da mai gadi.

Yanzu mu koma Alabama, shekara goma bayan hoton nan. A watan Maris na 2021 guguwa ta ratsa gundumar Hale, yankin baƙar ƙasa mai albarka inda aka yi noman auduga da guminsu bayi, inda har gobe jikokin bayin ne mafi yawan jama'a. Shugaban ƙasa ya sa hannu, mutane suka yi rajista. A watan Yuli jaridar Washington Post ta buga binciken ƴar jarida Hannah Dreier, wanda ya nuna cewa kashi 35 cikin 100 na masu neman agaji a gundumar an sallame su hannu rabbana kan dalili guda: sun kasa tabbatar da cewa gidajen da suke ciki nasu ne. A faɗin ƙasar a lokacin, waɗanda ake hanawa kan wannan dalili kimanin kashi 2 ne kacal.

Su wane ne waɗannan marasa shaida? Ƴan kama-wuri-zauna ne? Ko kusa. Bayan an soke bauta a 1865, baƙaƙen fata suka ɗaure ciki suka riƙa sayen ƙasa eka-eka, har ya kai a 1910 suna riƙe da sama da eka miliyan 15. Amma kotun da za su je su ajiye wasiyya ko su raba gado, kotun zamanin wariya ce, alƙali da lauya da akawu duk ƴan ɓangare ɗaya, kuma baƙar fata ya san zai iya shiga da takardar gonarsa ya fito babu ita. Sai suka yi abin da kakanninmu suka yi. Uba ya rasu, gona ta zauna yadda take, ƴaƴa su kafa ɗakunansu a gefe, jikoki su kafa nasu a bayan na iyayensu, wanda ya tafi Chikago ci-rani ya san yana da rabo ko da bai sake taka wurin ba. Sunan da ke kan takardar mallaka na wani tsoho ne da ƙasa ta daɗe da rufe idonsa. Mu muna da sunan wannan abu tun kaka da kakanni: gandu, ko gidan gado da ba a raba ba. An ƙiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙasar da ke hannun baƙaƙen fata a kudancin ƙasar a haka take.

A ɗauki misalin tsohuwar da aka haifa a irin wannan gida, ta yi aure a ciki, ta yi jego a ciki, iyayenta na kwance a maƙabartar cocin da ke ƙarshen hanya. Kowace shekara tana zuwa ofishin gunduma ta biya harajin fili, kuma ba a taɓa samun ranar da akawu ya ture kuɗinta ya ce sai ta kawo shaidar mallaka ba. Ranar karɓa hukuma ta san ko gidan wane ne. Ranar bayarwa ce mantuwa ke kama ta. In an ce ta je ta gyara takardunta, a san me ake cewa: ta ɗauki lauya, ta nemo duk magada tun daga kan kakanta, waɗanda kan kai gommai, warwatse a jahohi, wasu ba ta taɓa ganinsu ba, kowa ya sa hannu ko a je gaban alƙali. Aikin watanni ne ko shekaru, da dubban daloli, ga matar da aka ba kwana 60 tana kwana ƙarƙashin tamfol. Kuma tono maganar na da nasa haɗarin. Ya isa magaji ɗaya daga nesa ya sayar da ɗan rabonsa ga dillali, dillalin ya je kotu ya ce a sayar da filin duka a raba kuɗi. Ta wannan hanya iyalai da yawa suka wayi gari baƙi a gonar kakansu, har ma'aikatar noma ta Amurka da kanta ta amince cewa gadon da ba a raba ba shi ne babban abin da ke fitar da ƙasa daga hannun baƙaƙen fata ba da son ransu ba. Gaba kura, baya sayaki. Ta yi shiru a hana ta agaji, ta motsa a ƙwace gonar.

Kuma ba a Hale aka fara ba. Bayan guguwar teku mai suna Maria ta daidaita tsibirin Puerto Rico a 2017, inda gina gida a filin iyaye ba tare da takarda ba ya zama ruwan dare, dubun-dubatar mutane aka hana kan wannan dalili ɗaya. Hukuma ta gani, ta ji kukan lauyoyi masu aikin sa kai, ta ci gaba da harkarta.

Sakamakon irin wannan tsari an auna shi. Masana zamantakewa biyu, Junia Howell da James Elliott, sun bi dukiyar dubban iyalai daga 1999 zuwa 2013. Suka tarar cewa a gundumomin da bala'o'i suka yi ɓarnar dala biliyan 10 ko fiye, dukiyar farar fata ta ƙaru da kimanin dala 126,000, ta baƙar fata kuwa ta ragu da kimanin dala 27,000. Abin da ya fi ɗaure kai, inda kuɗin FEMA ya fi zuba, a nan tazarar ta fi buɗewa. Babu wani sihiri a ciki. Mai takarda da inshora ya fita daga tsohon gida ya shiga sabo, ya samu rance mai sauƙin ruwa, darajar unguwarsa ta hau. Marar takarda ya cinye ɗan abin da ya tara a kuɗin otal, ya ci bashi mai tsada, ya rasa aiki domin wurin aikin ma ya rushe. Hausawa sun ce iska ta iske kaba na rawa. Guguwa ba ta ƙirƙiro talaucin Hale ba, tarar da shi ta yi, sai agajin da ya biyo bayanta ya buga masa hatimi.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Suna cewa kuɗin jama'a ne, ɓarayi kuma ba sa barci. Gaskiya ne. Bayan guguwar Katrina ta 2005, ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta cewa tsakanin dala miliyan 600 da biliyan 1.4 sun tafi inda bai kamata ba, wasu ta kuskure, wasu ta damfara tsagwaronta. Hukumar ta sha zagi, ta ƙona baki, tun daga nan take hura ko da ruwan sanyi ne. Amma a tsaya a duba wa wannan tsantseni ke kamawa. Ƙwararren ɗan damfara ba ya rasa takarda, ai ita ce jarinsa, in babu ya buga. Wadda tarkon ke kamawa ita ce tsohuwar da ba ta taɓa tunanin za a wayi gari a tambaye ta ko gidan ubanta nata ne ba. Sannan gida ba allura ba ne da zai ɓace a rairayi. Mai duba ɓarna yana zuwa har ƙofa, yana ganin rushewar da idonsa. Maƙwabta na nan, mai kawo wasiƙu na nan, limamin coci na nan, rasiɗan haraji na ofishin gunduma. Hanyoyin gane gaskiya sun fi goma, hukuma ta zaɓi guda ɗayar da tarihi ya hana waɗannan mutane. Akwai kuma wani lissafi da ba a yi. Dalar da aka biya wanda bai cancanta ba tana fitowa a rahoto, a kira shugaban hukuma gaban majalisa ya sha tambayoyi. Iyalin da aka hana bisa zalunci ba sa fitowa a littafin kowa a matsayin asara, har ma ana iya lissafa su cikin tsimi. Ma'aikacin da ya san kuskure ɗaya na iya cin kujerarsa, ɗayan kuwa babu mai tambayarsa, kowa ya san wanda zai zaɓa.

Babbar shaidar cewa sharaɗin bai zama dole ba ita ce yadda aka sauke shi. A farkon watan Satumba na 2021, ƙasa da wata biyu bayan fitowar labarin Hale, FEMA ta sanar cewa za ta karɓi rasiɗin haraji, da rasiɗin babban gyaran gida, da wasiƙar wani jami'in gari, in kuma duk babu, mai gidan gado ya rubuta da hannunsa cewa gidan nasa ne, bisa sanin cewa ƙarya a nan laifi ce da ake hukuntawa. Sama ba ta faɗo ba. Dubun-dubatar mutanen da a da za a kora suka samu. A watan Maris na 2024 aka ƙara wasu gyare-gyare: dala 750 nan take domin abinci da magani da madarar jarirai, da sauƙaƙa ɗaukaka ƙara, da soke wani sharaɗi da ya kamata a ajiye a gidan tarihi domin jikoki su gani. Kafin wannan lokaci, mutane da yawa ba sa samun taimakon sayen gado da tukunya da motar zuwa aiki sai sun fara neman rance an hana su. Wato ka je ka roƙi bashin da ba ka so, a tabbatar maka a rubuce cewa kai matsiyaci ne, sannan ka dawo da takardar wulaƙancinka a duba ka. An yi shekaru ana kiran wannan ƙa'ida.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta faɗa ƙarara cewa ana mallakar ƙasa ta hanyar al'ada kamar yadda ake mallakarta ta hanyar rubutacciyar doka, aka kuma kafa kwamitocin filaye har matakin ƙauye domin su shaidi abin da gari ya sani. A kan takarda dai, mun riga FEMA gane wannan gaskiya da shekara 28. Daminar 2024 ta kashe mana sama da mutum 300, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Damagaram ya kwanta. Irin wannan damina za ta sake zuwa, kuma duk zuwanta za a fito da rajista da kwamfuta da sharuɗɗan masu ba da tallafi. Ranar da wani ya zo da tsari na zamani ya ce shaidar mai unguwa da maƙwabta ba ta isa ba sai hatimin ofis, a tuna masa cewa waɗanda ya kwaikwayo sun gwada, sun zubar da mutane a hanya, sun dawo daga rakiyar abin.

Duk wannan maganar masu gida ce. Ɗan haya fa? A daren 24 ga Maris na 2023 guguwa mai mataki na 4, a ma'aunin da ke ƙarewa a 5, ta shiga Rolling Fork, wani gari na ƙasa da mutum 2,000 a jahar Misisipi, mafi yawansu baƙaƙen fata. Mutum 17 suka rasu a kan hanyar da ta bi. Magajin garin, Eldridge Walker, shi ne kuma mai gidan shirya jana'iza, sai ya zama mutum ɗaya ne ke karɓar manyan baƙi da rana yana shirya gawar abokansa. An ayyana bala'i cikin kwana biyu, shugaba Joe Biden ya zo da kansa bayan mako guda. Amma talakan irin waɗannan garuruwa a gidan haya yake, ko a gidan tirela, wanda ake haɗawa a masana'anta a jawo shi a ajiye. Irin waɗannan gidaje ba su wuce kashi 6 cikin 100 na gidajen Amurka ba, amma wani lissafi na kamfanin dillancin labarai na AP ya nuna fiye da rabin waɗanda tonado ta kashe a cikin gida tun 1996 a cikinsu suka mutu. Wanda ya tsira, hukuma za ta ba shi kuɗin haya na ɗan lokaci. Hayar ina, a garin da gidajen hayar suka zama tarkace? Kuɗin sake gini na mai gida ne, shi kuma yana da zaɓi: ya karɓi inshorarsa ya kama gabansa, ko ya gina ya ninka haya. Manyan kuɗaɗen sake gina unguwanni kuwa sai majalisa ta ware su daban bayan kowane bala'i, sukan kuma ɗauki shekaru kafin su sauka ƙasa. Kafin nan ɗan haya ya koma wani gari, ɗansa ya bar makarantar, shagon da yake saye ya rufe.

Ƴan'uwanmu da ke ci-rani a can su ma su san matsayinsu. Kuɗin FEMA na ɗan ƙasa ne da wasu rukunonin baƙi masu izinin zama. Ɗalibi da mai bizar ziyara da marar takarda ba sa ciki, sai dai iyaye na iya nema da sunan ƙaramin ɗansu da ke gidan idan shi ɗan ƙasa ne. Matsuguni da abinci na gaggawa daga ƙungiyoyi irin su Red Cross ba a tambayar fasfo a kansu. Wanda abin ya faɗa wa ya ɗauki hoton komai kafin ya taɓa tsinke, ya adana kowane rasiɗi, kuma kada ya ɗauki wasiƙar farko a matsayin hukuncin ƙarshe, domin sau da yawa "ba ka cancanta ba" na nufin takarda ɗaya ce ta rage. Abin takaicin shi ne wanda ya saba jin a'a daga ofis tun yana yaro, shi ne ya fi saurin ninke wasiƙar ya sa a aljihu ya yi shiru.

Saura wasu masu hujja ta daban, waɗanda muryarsu ta yi sama a ƴan shekarun nan. Su cewa suke a rushe hukumar ɗungurungum, jahohi da coci-coci da maƙwabta su ji da abinsu, kuma misalin da ba ya barin bakinsu shi ne Joplin. Ranar 22 ga Mayu na 2011 tonado mai mataki na 5 ta kashe mutum 161 a wannan gari na jahar Mizuri, ta rushe dubban gidaje da babban asibiti da makarantar sakandare. Masu aikin sa kai suka yi tururuwa daga ko'ina, aka buɗe makarantu a watan Agusta kan lokaci, manyan ɗalibai suna karatu a wani tsohon kanti cikin rukunin shaguna. Har Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ba da gudummawar kwamfutocin ɗalibai. Abin a yaba ne, ba na ragewa. Amma masu ba da labarin sukan tsallake rabinsa. Washegarin guguwar aka buɗe wa Joplin ƙofar agajin tarayya. Iyalai sama da 500 sun zauna a gidajen wucin gadi na FEMA. Gwamnatin tarayya ta ware wa garin dala miliyan 158 na sake gini, kamfanonin inshora suka biya fiye da biliyan ɗaya da rabi. Maƙwabci na iya kawo maka tuwo da bargo da zarto ya yanke itacen da ya danne rufinka, amma ba ya gina asibiti, ba ya shimfiɗa bututun ruwa.

Shekarar 2025 ta nuna mana ɗanɗanon abin da suke kira. A watan Janairu shugaba Donald Trump ya ce mai yiwuwa a kawar da FEMA, a watan Yuni ya ce yana son a yaye jahohi daga gare ta. A tsakanin nan, tonado ta kashe mutane a Akansas a watan Maris, gwamna Sarah Huckabee Sanders, wadda ta taɓa zama kakakinsa, ta nemi agaji aka ce a'a, sai da ta ɗaukaka ƙara aka amince a watan Mayu. Mutanen Tylertown a Misisipi sun yi fiye da wata biyu suna jiran sa hannu. Ranar 16 ga Mayu wata ta shiga birnin Sen Luwis, jiniyar gargaɗin birnin ba ta yi kuka ba, mutum biyar suka rasu, gine-gine kusan 5,000 suka lalace. Ta taɓa unguwannin masu hali, sannan ta ƙetare titin Delmar, wanda ya daɗe yana raba birnin gida biyu, ta sauka a arewaci, unguwannin baƙaƙen fata masu tsofaffin gidajen jan bulo, inda bankuna suka yi shekaru suna ƙin ba da rance, inda gidaje da yawa ba su da inshora. Sai ranar 9 ga Yuni aka sa hannu. Kwana 24 ke nan, ruwa na sauka a kan shuɗin tamfol, bangon da ya tsage yana ƙara buɗewa, alhali Joplin, a jaha ɗaya, kwana guda ta jira.

Ni ban zo wanke FEMA ba, wanda ya karanto daga sama ya san haka. Amma hukumar da jarida ɗaya ta iya kunyata ta har ta sauya ƙa'ida ga ƙasa baki ɗaya, akwai inda za a kama ta. In aka watsa aikin ga jahohi 50, kowace da aljihunta da son ranta, tsohuwar Hale za ta koma neman adalci a hannun ofisoshin da kakanta ya guje wa tun farko. Misisipi na cikin jahohin da suka fi talauci a ƙasar. Gundumar Sharkey, inda Rolling Fork take, mutum 3,800 aka ƙirga a cikinta a ƙidayar 2020, kafin guguwa ta rage su. Masu cewa kowa ya ji da nasa su faɗa mana daga wace taska waɗannan mutum 3,800 za su sake gina gari.